Soron Kakanmu: Wurin Hira Don Masu Gigin Tsufa

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Yau muka buɗe soron kakanmu, bayan ya shekara goma sha wani abu a garƙame. Ni da Yaya da yaran gida muka wuni muna fitar da tarkace: mataccen keken ɗinki, buhunan da ɓeraye suka gama da su, randa mai tsaguwa. Soro ne irin na mutanen da, ginin ƙasa, rufin azara, dakali dama da hagu, nan cikin gari, ba nisa da Ƙofar Mata. Zan riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya duk sanda na samu sarari, ko wani zai so ya yi irinsa a unguwarsu, kada ya taka ƙayar da muka riga muka taka.

Saboda Baba muka fara. Marini ne, ya haura shekara 50 a bakin karofi. Shekara huɗu da suka wuce muka lura yana maimaita tambaya, yana ajiye hula inda ba a ajiye hula, muka ce tsufa ne. Sai ranar da ya fita sallar asuba bai dawo ba. Muka kai cigiya gidan rediyo, muka zaga asibitoci, sai bayan isha'i wani mai shayi, Allah ya saka masa da alheri, ya kawo shi a adaidaita sahu daga wajen Fagge. Wai zai kai wa Buzaye turkuɗinsu, suna jiransa. Rabon da Buzayen nan su yi ciniki da shi tun ban shiga firamare ba.

Daga ranar muka sa wa ƙofa sakata. Don ƙauna muka yi, amma kulle dai kulle ne. Abokan majalisarsa suka riƙa zuwa, suka gaji da jin labari ɗaya sau biyar a zama ɗaya, suka janye da ɗai-ɗai. Cikin wata shida, mutumin da ake jiyo dariyarsa daga bakin layi ya koma sai an yi da gaske yake amsa sallama. Likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda muke kira gigin tsufa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa a hankali. Maganin da ake bayarwa yakan rage wasu alamomi na ɗan lokaci, ba ya warkarwa. Ya ja kunnenmu kada mu bar shi daga shi sai bango.

To ina za mu kai shi? Na zauna na lissafa inda mutumin Kano yake zuwa ya sha iska. Gidan biki lasifika ce har ƙirji na rawa. Wuraren shaƙatawa na yara ne da samari. Majalisa ta masu iya bin zaren zance ce. Ban samu ko ɗaya da aka tanada ana tuna irin su Baba ba. Shi ne na ce wa Yaya mu gyara soron nan.

Asabar, 28 ga Yuni

Ranar tsaftar muhalli ce, magini bai iso ba sai bayan ƙarfe 10. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai mu riƙa jinkirta komai.

Mun ɗan yi ja-in-ja da Yaya. Shi yana so a zuba tayil mai sheƙi, a kafa babban madubi, kada a ce mun tara iyayen mutane a kango. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe tana kula da tsofaffi, ita ta raba gardama. Ta ce cutar tana taɓa har yadda ƙwaƙwalwa take fassara abin da ido ya gani. Daɓe mai sheƙi sai mutum ya gan shi kamar ruwa ne kwance, ya ƙi takawa, ko ya taka a tsorace ya zame. Madubi kuwa, wanda a ransa ɗan shekara 30 ne, in ya ga mai furfura ya zuba masa ido sai ya ɗauka baƙo ne ya faɗo gida. Shimfiɗa mai yawan zane, sai ka ga mutum ya sunkuya yana tsintar furannin jikinta.

Mun tsaya a kan siminti marar santsi da tabarmi masu launi ɗaya. Za a rage tudun dokin ƙofa, a faɗaɗa tagar gabas haske ya shigo, a shafe bango da farar ƙasa. Ƙofar banɗaki za ta sha shuɗin fenti mai ƙarfi, a zana buta a jikinta daidai tsayin ido, a rubuta da boko da ajami. Ajamin ni na dage a kansa. Yawancin tsofaffinmu da allo suka fara, kuma abin da aka koya da ƙuruciya shi yake daɗewa bai goge ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Ashe ginin ne mai sauƙi. Mako biyu ina shiga gidajen da na san akwai mai irin lalurar Baba. Gida tara na shiga, a uku aka nuna mini ban kyauta ba da na zo. Wata ta ce, "Mu Babanmu ba mahaukaci ba ne. In asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kike nema ai kin san hanya." Ban ga laifinta ba, ni ma shekara biyu ina ɓoye wa dangin mijina halin da gidanmu yake ciki. A wani gidan an ce sammu ne abokan kasuwa suka yi masa, ana ta hayaƙi da rubutun sha. Ban ce su bar addu'a ba, na roƙa a haɗa da ganin likita.

Mai unguwa da limamin masallacinmu su suka buɗe mana hanya. Liman ya yi magana bayan magariba, ya kawo aya ta 70 a Suratun Nahli, inda aka ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan da can ya sani. Ya haɗa da ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko tir in tsufa ya riske su a hannunka. Ya ce abin da Alƙur'ani ya ambata da kansa bai kamata ya zama abin ɓoyo a gidan Musulmi ba. Yaya ya ƙara da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: sama da mutum miliyan 55 ke da cutar, kusan miliyan 10 suke ƙaruwa kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, irin tamu.

Gida biyar sun amince. Maza uku, da Baba huɗu, za su zauna a soro. Mata biyu a rumfar tsakar gida.

Asabar, 2 ga Agusta

Zaman farko, bai yi kyau ba, kuma mu muka jawo. Murna ta sa muka bar kowa ya shigo, jikoki, maƙwabta, 'yan leƙe. Wani ya kunna rediyo, injin niƙan bayan gida yana ruri. Dattijo ɗaya ya toshe kunne ya ce a mai da shi gida tun bai zauna ba.

Baba kuwa a bakin ƙofa ya toge. Na ce, "Baba, mu shiga mana." Ya damƙe hannuna ya ce, "Uwata, ja da baya, ba a rufe ta ba." Uwata yake ce mini tun ina ƙarama, sunan mahaifiyarsa na ci. Na bi inda yake kallo. Wata baƙar shimfiɗar goge ƙafa ce, zagayayya, da na sayo jiya. Shi rijiyar karofi ya gani a buɗe, ga 'yarsa za ta afka. An riga an gaya mini baƙin abu a ƙasa yakan zame musu rami, amma sai yau maganar ta shiga kaina. Na ɗauke ta, ya yi bismilla ya shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gaisuwa. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ka gane ni kuwa? To wane ne ni?" Da kyakkyawar niyya ake yi, har da raha. Ni kuwa fuskokinsu na tsaya kallo. Dattijo mai jikoki fiye da ashirin, a gaban jama'a, ana yi masa tambayar da shi ma ya san ba zai iya amsawa ba. Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya yi yaƙe, ɗaya ya harzuƙa. Sau goma a zama ɗaya, kuma haka ake yi musu a gida kullum, ni ma na yi wa Baba ba adadi. Wanda ake kunyatawa duk sanda ya buɗe baki, ai dole ya koyi rufe shi. Shirun da muka ɗora wa cuta gaba ɗaya, akwai hannunmu a ciki.

Daga yau dokar farko a soron nan: ba a ce wa kowa "ka gane ni". Mai shigowa shi zai faɗi kansa: "Barka da hantsi Baba, ni ne wane ɗan wane, na gidan mai goro." In ya gane, madalla. In bai gane ba, an riga an sauke masa nauyi. Sannan kowane dattijo da ɗan rakiya ɗaya, ba ƙari, kuma ba rediyo. Na je na roƙi mai niƙa, ya yarda zai riƙa ɗaga mana ƙafa na awa ɗaya da rabi.

Lokacin zama daga hantsi zuwa azahar. Kowa a cikin masu jinya ya shaida cewa daga la'asar sakaliya zuwa magariba ne ruɗewa take tsananta, lokacin da mutum yake naɗe kayansa ya ce zai tafi gida alhali yana cikin ɗakinsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Indararo ɗaya ya toshe, bangon arewa ya jiƙe. Ba zama. Magini zai dawo Litinin ya sake yaɓe da makuba.

Asabar, 23 ga Agusta

Wani tsohon yaron Baba da har yanzu yake rini a Ƙofar Mata ya kawo mana ruwan baba, wato ruwan rinin shuni, wanda ya riga ya nuna, cikin babbar roba, da fararen ƙyallaye. Karofin nan an rubuta a ƙofarsa tun 1498 yake, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma haɗin yana nan yadda aka gada: baba, toka, kanwa, a bar shi kwanaki ya nuna. Muka ɗora robar a kan benci yadda ba sai an sunkuya ba.

Ban ce wa Baba komai ba. Warin ne ya fara isa gare shi. Ya ɗago kai, ya taso, ya naɗe hannun riga. Ya tsoma yatsa, ya dubi kumfar, ya juya wajen yaron nasa da wata murya da na shekara biyu ban ji ba: "Kai, wa ya haɗa wannan? Toka ta yi yawa." Mutumin nan, shi ma furfura ta fara fito masa, ya durƙusa ya ce, "A gafarce ni, maigida." Yana dariya hawaye na zuba.

Baba ya ɗauki ƙyalle ya tsoma, ya murza shi a cikin ruwan, ya ɗago ya matse, ya baza ya sha iska. Ƙyallen ya fito kore-kore, muna kallo ya rikiɗe shuɗi. Ya sake tsomawa. Jikansa ya ce ai ya yi, ya ce, "Ba a yi wa baba gaggawa. Bari ya sha iska tukuna." Minti 40 yana tsaye yana koya mana aiki, mutumin da ba zai iya gaya maka da me ya karya kumallo ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta ce abin da hannu ya saba, kamar ɗinki, saƙa, tuƙa keke, ba wuri ɗaya ƙwaƙwalwa take ajiye shi da labarin jiya ba. Cutar takan fara cin ma'ajiyar sabon abu, na hannu yakan jima. Shekara huɗu muna zura guga a rijiyar da ta ƙafe, ga mai ruwa a bayanmu.

Da yamma bai tuna an yi rini ba. Ya ga shuɗi a tafin hannunsa, ya juya shi, ya ce, "Yau an yi aiki ke nan." Ya cinye tuwonsa, ya yi barci har kiran assalatu.

Asabar, 6 ga Satumba

Mata sun zama uku. Na yi kuskure da safe: na sayo littattafan zane na yara da fensira masu launi. Wata Hajiya ta ture su ta ce, "Ni kika mayar yarinya?" Ta yi gaskiya. Na ba ta haƙuri na kwashe. Na fito da auduga da mazari da alli. Ta shafa allin a yatsa, ta murza mazari, zare ya fara fita siriri kamar na kanti. 'Yarta, wadda ta ce mini ba abin da take iya yi yanzu, ta riƙe baki. Aiki dai ya zama na manya, mai amfani: kaɗi, saƙar faifai, ɓarar gyaɗa, ninkin kaya. Sai dai a sa ido, akwai mai kai duk abin da ta riƙe baki.

Ɗayar tsohuwar ba ta taɓa komai ba, tana zaune tana kallon ƙofa. Sai wata cikin 'yan rakiya ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kaɗawa a hankali. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ɗauko waƙar niƙa ta ƙauyensu, baiti bayan baiti ba tuntuɓe, har da habaicin kishiyar da ta rasu tun tuni. Rumfa ta kaure da shewa. Waƙa da karatun da aka haddace da ƙuruciya suna cikin abubuwan da suke daɗewa. Baba ma yakan rikice a lissafin raka'a, amma in liman ya ja sura sai ka ji yana bi daidai.

Bayan azahar 'yan rakiya suka zauna shan kunun tsamiya, nan na ji abin da ban shirya masa ba. Wata matar ɗa ta fashe da kuka. Surukarta kullum sai ta ce ta sace mata kuɗi da zannuwa, ta gaya wa duk baƙon da ya shigo, dangin miji suka gaskata, saura ƙiris aurenta ya mutu. Shekara uku tana wanke matar nan, tana ba ta abinci a baki, ana kiranta ɓarauniya. Wata kuma ta ce yaran layinsu sun fara ce wa kakarta mayya, don takan fito da dare tana kiran sunayen matattu.

Ma'aikaciyar jinyar ta yi musu bayani a tsanake. Wadda ta ɓoye kuɗinta ta manta ta ɓoye, ta duba ba ta gani ba, dole hankalinta ya nemo dalili, kuma wanda ya fi kusa da ita shi zai fara faɗo mata. Musu ba ya magani. A ce, "Inna, zo mu nema tare." A gano maɓoyarta, ƙarƙashin katifa ne ko cikin kwalla. In da hali a ajiye jaka ta biyu irin tata. Na ce a kawo mijin da 'yan'uwansa mata su ji da kunnensu. Daga yau rabin awar ƙarshe ta masu jinya ce.

Lahadi, 21 ga Satumba

Yau ce ranar cutar Alzaima ta duniya. Sunan wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana lalurar wata mata da ta ruɗe tana 'yar shekara hamsin da kaɗan. Alzaima ita ce take damun kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar mantuwa. Akwai kuma wadda take biyo bayan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, irin ta masu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Na karanta cewa a 1997 wani masanin halayyar tsofaffi, Bère Miesen, ya fara tara masu cutar da iyalansu a birnin Leiden na ƙasar Holan, a sha shayi a yi hira ba kunya. A 2006 kuma gidan adana zane-zanen zamani na New York ya fara ware musu lokacin da babu sauran jama'a, a zauna gaban zane a tattauna. Abin ya burge ni. Sai dai na ga su sai da suka ƙirƙiro wurin zaman. Mu muna da zaure, muna da majalisa, muna da dakalin ƙofar gida tun kaka da kakanni. Namu aikin shi ne kada wuraren nan su tofar da mutum ranar da ya daina iya bin zance.

Asabar, 11 ga Oktoba

Hajiya mai kaɗi ta zo yau ba yadda muka san ta ba. Cikin kwana biyu ta daina gane 'yarta, tana gyangyaɗi, tana ganin abin da babu. 'Yan gida suka ce cutar ce ta yi gaba. Ma'aikaciyar jinyar ta taɓa jikinta ta ce a tafi asibiti yanzu, gigin tsufa a hankali yake tafiya, ruɗewar da ta zo farat ɗaya akwai wani abu a ƙarƙashinta. Ciwon mafitsara aka samu da ƙarancin ruwa a jiki. Tsofaffin sun manta ƙishirwa, mu ma mun manta mu ba su ruwa. Yanzu moɗa tana zagayawa duk rabin awa, ba a jira sai an nema.

Wani dattijon kuma da muke zaton ya yi nisa, ashe rabin matsalar kunne ce. An wanke masa dattin kunne a asibiti, ya dawo yana amsa magana. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, ciki har da raunin ji, raunin gani, hawan jini, ciwon suga, shan taba da kaɗaici. Mun yi karo-karo mun sayi na'urar awon jini. 'Yan rakiya ma ana auna su, biyu an tura su ganin likita.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun cika wani tsohon adudu da kayan da: kwabo mai huji, sisi, sule, fitilar aci-balbal, akushi da ƙoshiya, dutsen guga na gawayi, tandun kwalli, zunguru. Ba a cewa "mene ne wannan", don ita ma jarrabawa ce. A miƙa wa mutum kawai a yi shiru. Wani da ya yi dako a zamanin dalar gyaɗa ya juya sule a hannunsa, ya ba mu labarin yadda ake hawa da buhu a ka har ƙololuwa, da rikicin lissafin da aka sha a kasuwar Kurmi da naira ta shigo a 1973. Sau uku ya ba da labarin. Sau uku muka saurara.

Wata magana ta raba kanmu. Baba yakan tambaye ni, "Ina Inna? Ba ta dawo daga unguwa ba?" Mahaifiyarsa ta rasu kafin a haife ni. Da can nakan ce, "Baba, ai ta rasu," sai ya yi salati ya fashe da kuka kamar yanzu aka aiko masa, bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Yaya ya ce shi ba zai yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Ni ma ba na so. Amma sanya mutum sabon makoki sau huɗu a rana, wannan ma ba na jin biyayya ce. Abin da muka daidaita a kai: kada a ce tana nan, kada a ce ta rasu. Sai in ce, "Baba, kana kewarta ko? Wace miya ta fi iyawa?" Sai ya shiga labarin miyar kukarta, fuskarsa ta saki. Na lura yawanci in yana cigiyar Inna, tsoro yake ji ko gajiya ko yunwa. Wani lokacin kuma in ya ce Uwata, na san ba ni yake nufi ba. Ina amsawa.

Talata, 25 ga Nuwamba

Fitarmu ta farko: Gidan Makama, gidan tarihi na Kano. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Mako guda kafin nan ni da Yaya muka je muka taka wurin da ƙafarmu, muka ƙirga matakala, muka ga inda banɗaki yake da inda za a zauna a inuwa. Gini ne na ƙarni na 15, daga hasken rana ake shiga ɗaki mai duhu-duhu, don haka muka tsara a tsaya a bakin kowace ƙofa har ido ya saba. Mun zaɓi safiyar da ba cunkoso, muka tafi da kujerun roba huɗu, muka ce ɗaki uku kawai za a shiga.

Ma'aikacin da ya zagaya da mu na roƙe shi abu biyu: ya gajarta bayani, in dattijo ya faɗi shekara ba daidai ba kada ya gyara masa. Ya yi fiye da haka. A gaban hotunan hawan salla na da, ya juya ya ce, "Baba, ku kuka ga wannan da idonku, ku ba mu labari." Mutum huɗu suka kama magana lokaci guda, wannan yana lifidi, wancan yana 'yan sulke, Baba yana nuna rawunan da ya ce rininsu ne. Minti 50 muka fito, tun ba wanda ya gaji. Da duk gidajen tarihi da ɗakunan karatu na garin nan za su ware safiya ɗaya a wata, su sa kujeru, su koya wa ma'aikata abu biyun nan, da an yi nisa ba tare da an kashe wani kuɗi ba. Mun fara rubuta wasiƙar neman haka.

Asabar, 13 ga Disamba

Mai dakon gyaɗa ya rasu ranar Laraba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shi ne abokin darar Baba. Dara tasu ba ta bin ƙa'ida, wani lokacin a jera uku ba a ci ba, ba mai gyara musu. Mun faɗa wa sauran sau ɗaya, aka yi addu'a tare, ba mu sake tayar da maganar ba. Baba ya zauna gaban gidan dara ya jera 'ya'yansa goma sha biyu, ya jira. Jikan mamacin, wanda ya zo yi mana godiya, ya cire takalmi ya zauna a gurbin kakansa.

Hunturu ya shigo. Mun rufe tagar gabas da labule mai haske, mun matsar da zama zuwa ƙarfe 11. Ba ma kunna gawayi a cikin soro.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Wani yaro ya ɗauki tsohuwarmu mai waƙar niƙa a waya ya sa a WhatsApp, har ya fara yawo. Ya ce don ta burge shi ne. Mun sa ya goge, mun je gidansu mun ba 'ya'yanta haƙuri. Matar nan ta yi shekara 60 a cikin kulle da mutuncinta, ba ta san an ɗauke ta ba, ba ta kuma da halin cewa a'a. Yanzu waya a aljihu take zama, an rubuta a bakin ƙofa.

Labari mai daɗi biyu. Katin da muka ɗinke a cikin aljihun kowane dattijo, mai sunan unguwa da lambar ɗan gida, ya yi rana: mai kantin bakin titi ya ga ɗayansu ya nufi hanyar Kurmi shi kaɗai, ya tare shi da hira, ya ba shi kujera, ya kira. Mun riga mun bi masu shayi da masu kanti da 'yan adaidaitan layin nan mun yi musu bayani. Na biyu, mutum biyu daga tsohuwar majalisar Baba sun zo. Na tare su a waje na gaya musu dokar gaisuwa. Ɗaya ya yi jim ya ce, "Wallahi 'yata, da haka muka kore shi ba mu sani ba."

Asabar, 31 ga Janairu

Yanzu muna da maza shida, mata biyar, gida huɗu suna jira, soro kuma ba zai ɗauki ƙari ba. Wata daga Gwammaja ta zo ta ga yadda muke yi, tana so ta buɗe a zauren gidansu. Na ba ta kwafin dokokinmu, na ce ta fara da mutum uku.

Baba ya ja baya cikin watan nan. Tsayuwa tana yi masa wuya, maganarsa ta ragu, makon jiya ya riƙe ƙyalle ya rasa ta inda zai fara. Yaron nasa ya sa hannunsa a ƙarƙashin na Baba suka tsoma tare, daga nan hannun ya ci gaba da kansa. Mun sa kafinta ya rage ƙafafun benci yadda zai yi rini a zaune, robar a daidai gwiwarsa.

Azumi saura kwana goma sha. Liman zai zauna da iyalai ranar Juma'a bayan la'asar kan hukuncin wanda ba ya iya riƙe cewa yana azumi, ma'aikaciyar jinyar kuma za ta yi magana kan masu shan maganin suga da na hawan jini. Ba za mu rufe soro ba, za mu rage zama zuwa awa ɗaya, sauraren karatu a hankali da ɗinkin hula. Abin da ya rage kafin nan: ƙarfen dafawa a banɗaki, fanka mai sola kafin zafin bazara, da amsar wasiƙarmu. Kafinta ya ce benci zai dawo ranar Laraba.